Gidan yayan mijina ko wanda dillali ya nuna min?

Wata malama ta rubuto tana cewa: "Assalamu alaikum. Na yi ritaya bayan shekara 32 ina koyarwa. Na haɗa kuɗin sallamata da ɗan abin da na gada, sun kama miliyan 60, ina so in sayi gidan haya da zai riƙe ni. Yayan mijina yana da sabon gida mai ɗaki huɗu a bayan gari, girmansa murabba'in mita 220. Ya ce miliyan 58 ya kashe, kuma abin da ya kashe kawai zan ba shi, ko sisi ba ya so a kai. Ya ce maƙwabcinsa ma miliyan 65 ya sa wa nasa. Ana cewa za a samu hayar miliyan 3 a shekara. Wani dillali kuma ya nuna min tsohon gida a cikin gari, shekararsa 18, sashe uku, murabba'in mita 300, a kan miliyan 50. Ya ce hayarsa miliyan 5 da dubu 400, sai dai rufi da wayoyin wuta suna son gyaran kamar miliyan 7. Maigidana ya ce in ɗauki na Yaya, sabo ne, na gida ne, kuma gida ba ya faɗuwa. Ni dai zuciyata ta rabu biyu, kuma ina jin nauyin in taya Yaya. Mene ne abin yi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a guminki na shekara 32, ya sa ki ci moriyarsa cikin lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya min a rai shi ne, a kan gidan Yaya kin kawo lamba biyu, amma wadda ta fi muhimmanci babu ita. Kin faɗi abin da ya kashe, 58. Kin faɗi abin da maƙwabci ya sa wa nasa, 65. Ba ki faɗi nawa aka sallama wani gida irinsa a wannan unguwa ba, aka biya, aka karɓi makulli. Abin da aka kashe daban, kuɗin da mai kaya ya yanka daban, abin da kasuwa za ta biya kuma daban. Mutane da yawa sun yi asarar da ta bi su har tsufa saboda sun ɗauki ukun nan abu ɗaya.

Mu fara da 58. Ban ce Yaya ya ƙara ko ya rage ba, mu ɗauka gaskiya ya faɗa har da rasit. To amma kasuwa ba ta tambayar rasit. In ya yi gini a lokacin da siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabo, in ya canza taswira sau biyu aka rushe bango aka sake ɗagawa, in magini ya cuce shi, in ya zaɓi tayil mai tsada don shi ya yi wa iyalinsa kyau, duk wannan ya shiga cikin 58. Ɗan haya ba zai ƙara ko sisi don an taɓa rushe bango ba, haka ma wanda zai saya a hannunki nan gaba. Zai iya yiwuwa kuma akasin haka ne: ya sayi filin da araha tun unguwar tana jeji, yau gidan ya fi 58, alheri yake yi miki. Daga wasiƙarki ba za a gane wanne ne ba, shi kansa Yaya mai yiwuwa bai sani ba. Ƙwararrun masu kimanta gidaje suna da hanyar lissafi da kuɗin gini, amma sun fi jingina da ita a gine-ginen da ba a cika sayarwa ba, irin makaranta ko asibiti, ko wajen inshora. Gidan haya kuwa da abu biyu ake auna shi: nawa aka sayar da irinsa, kuma nawa yake kawowa.

Ita kuwa 65 ta maƙwabci, ki cire ta daga kanki gaba ɗaya. Kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a jikin katangarsa. Illarta ita ce tana maƙalewa a ƙwaƙwalwa, har 58 ta fara yi miki kama da ragi. A 1987 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Arizona ta Amurka, Gregory Northcraft da Margaret Neale, sun kai ƙwararrun dillalan gidaje wani gida a birnin Tucson, suka bar su suka zagaya, suka ba kowa takardun bayanin gidan. Abu ɗaya kawai suka sauya: kuɗin da aka ce mai gidan ya sa. Waɗanda aka nuna wa lamba babba suka kimanta gidan da tsada, waɗanda aka nuna wa ƙarama suka kimanta shi ƙasa, kuma mafi yawansu ba su yarda lambar ta ja ra'ayinsu ba. In masu cin abinci da sana'ar sun faɗa wannan rami, ina ga ni da ke. Wani binciken kuma da David Genesove da Christopher Mayer suka fitar a 2001 kan gidajen birnin Boston ya nuna cewa masu gidan da suke fuskantar sayarwa ƙasa da yadda suka saya sukan yanka kuɗi sama da na sauran, sai gidan ya daɗe a kasuwa ba mai ɗauka. Ɗan Adam ba ya son ya ji ya faɗi. Ki tambaya a hankali wata nawa gidan maƙwabcin ya yi yana jiran mai saye. In ya kai shekara, ai kasuwa ta riga ta ba shi amsa.

Aikinki na farko ke nan: ki nemo gida uku zuwa biyar da aka sayar da gaske a kowace unguwa cikin shekarar da ta wuce, masu kama da waɗannan a girma da shekaru. Ki tambayi dillalai biyu ko uku daban-daban, kada ɗaya ya san kin je wurin ɗaya, ki kuma tambayi lauyan da ke rubuta takardun ciniki a yankin. Kalmar da za ki riƙa nanatawa ita ce "nawa aka sallama", domin da kin yi sake za a karanto miki abin da aka yanka. Ki tuna dillali la'adarsa tana girma ne in kuɗin ya girma, kuma ba ya samun komai in cinikin bai faɗa ba. Wannan bai mai da shi maƙaryaci ba, amma ya isa ki san ta wane ɓangare yake kallo.

Da kin samu lambobin, ki raba kowanne da girman gininsa. Na Yaya, 58 a kan mita 220, ya kama wajen dubu 264 kowace mita. Na dillali, 50 a kan 300, wajen dubu 167, in kin zuba kuɗin gyara ya koma dubu 190. Kada dai ki ɗora wa wannan ma'auni abin da ya fi ƙarfinsa. Yana aiki tsakanin gidajen unguwa ɗaya masu shekaru kusa da juna. Tsakanin sabon gida a bayan gari da tsoho a cikin gari, ɗan haske kawai zai ba ki, saboda kowane gida abu biyu ne aka haɗa: fili da gini. Gini tsufa yake yi tun daga ranar da aka gama shi, fili ne mai ɗaukar darajar wuri. A gidan Yaya mafi yawan kuɗinki gini za su saya. A na cikin gari kaso mai tsoka fili ne.

Yanzu ga inda nake so ki zauna da biro da takarda, tunda ke ba gidan zama kike nema ba, abin da zai ciyar da ke kike nema. Lambobin kashe-kashen da zan sa misali ne kawai, ki maye gurbinsu da na gaskiya bayan kin bincika.

Gidan Yaya 58 ne a baki, amma ba 58 zai fita daga hannunki ba. Akwai lauya, harajin ciniki, rajista da sauya suna a takardun mallaka. Mu ce duka miliyan 3. Ya zama 61, wato tun kafin ki karɓi makulli kin haura abin da kike da shi da miliyan ɗaya. Haya miliyan 3. Ki cire wata ɗaya a shekara na zaman gida ba kowa, dubu 250. Ki cire ƙananan gyare-gyare, dubu 300, domin sabon gida ma famfonsa na lalacewa, kuma duk ɗan hayar da ya tashi sai an yi fenti. Ki cire ladan mai kula da gida da karɓar haya, dubu 300. Haraji da inshora, dubu 150. Abin da ya rage a tafin hannunki miliyan 2 ne. Miliyan 2 a kan 61 ya kama kashi 3.3 cikin ɗari a shekara. A wannan tafiya, sai bayan shekara 30 da ɗoriya haya za ta dawo miki da uwar kuɗinki.

Na dillali kuma: 50, da kuɗin takardu da la'ada mu ce miliyan 2 da rabi, da gyara 7, ya zama 59 da rabi. Haya miliyan 5 da dubu 400. Wata ɗaya na zaman banza, dubu 450. Gyare-gyare dubu 600, tunda tsoho ne kuma banɗaki da kicin sun ninka uku. Mai kula dubu 500. Haraji da inshora dubu 250. Ya rage miliyan 3 da dubu 600. A kan 59 da rabi, kashi 6 ke nan cikin ɗari, uwar kuɗi ta dawo cikin shekara 16 da rabi.

Kin ga kusan kuɗi ɗaya za ki zuba a kowanne, amma ɗaya zai ba ki dubu 300 a wata, ɗaya bai kai dubu 170 ba. In kika juya lissafin ta baya, kika ce nawa ya kamata in biya a gidan da ke kawo miliyan 2 don in samu kashi 6, amsar wajen miliyan 33 ce har da kuɗin takardu. Ban ce ki je ki taya Yaya 33 ba, kada a ce ni na raba zumunci. Mai son gidan don ya zauna da iyalinsa zai iya biyan fiye da haka nesa, kuma bai yi wauta ba, domin shi sabunta da fili da iska yake saye. Abin da lambar ke gaya miki shi ne, wannan gida ne na mai zama, ba na mai neman haya ba. Akwai kuma abin da lissafin bai nuna ba: gida mai ɗan haya ɗaya, ranar da ya kwashe kayansa kuɗinki ya tsaya cak. Mai sashe uku, in ɗaya ya tashi biyu suna biya.

Sai maganar maigida, cewa gida ba ya faɗuwa. Da girmamawa, yana faɗuwa. A Amurka farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006, zuwa 2012 ya zube da sama da kashi ɗaya cikin huɗu, miliyoyin mutane suka wayi gari bashin da ke kan gidansu ya fi gidan daraja. A Japan farashin filaye ya juya ƙasa bayan 1991, ya yi sama da shekara goma a jere yana sauka. A Dubai bayan rikicin kuɗi na 2008 gidaje sun rasa kusan rabin darajarsu. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne aikin wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Holan, Piet Eichholtz, wanda ya bi cinikin gidajen wani layi na masu hali a bakin ruwa a Amsterdam, Herengracht, daga 1628 zuwa 1973. Da ya cire hauhawar farashi, sai ya ga cikin kusan shekara 350 darajar gidajen ninki biyu kawai ta yi, da hawa da gangara masu yawa a tsakani. Waɗanda suka ci riba a layin, daga haya ko zama a ciki suka ci.

Abin da ke ruɗar mu shi ne lamba tana hawa ko da daraja tana tsaye. Akwai wata 'yar dabara ta lissafi: ki raba 72 da yawan hauhawar farashi, zai ba ki shekarun da kayan masarufi za su ninka. In hauhawar kashi 12 ce a shekara, cikin shekara 6 komai ya ninka. Wanda ya sayi gida 58 ya sayar 116 bayan shekara 6 a irin wannan yanayi zai yi ta murna, alhali abin da kuɗin za su saya masa bai ƙaru ba. Gida ya tsare masa dukiya, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, amma bai haifa masa komai ba. Gaskiyar da ke cikin maganar maigida ita ce, bayan gari kan yi daraja in gari ya iso shi, aka ja titi da ruwa da wuta. Sai dai don gidan Yaya ya kamo na cikin gari, dole darajarsa ta riƙa fin ta wancan hawa da kusan kashi 3 cikin ɗari kowace shekara, ba fashi. Mai albashi ɗan shekara 35 zai iya jiran wannan. Ke kuwa hawan daraja ba ya biyan kuɗin magani sai an sayar da gidan, kuma gida ba a sayar da shi a kwana biyu sai an karya shi.

Kada ki ɗauka na ce ki ruga wurin dillali. Duk kyan lissafin can a kan lambobinsa biyu ya tsaya, kuma ba ki tabbatar da ko ɗaya ba. Hayar miliyan 5 da dubu 400, ana karɓarta ne yanzu, ko ita ce "za a iya samu"? Ki nemi ganin yarjejeniyar haya da rasit na shekara biyu, ki gaisa da 'yan hayar da kanki, ki ji ko akwai mai bashi, ko wanda ya biya shekara biyu gaba kuɗin suna aljihun mai gida. Miliyan 7 ta gyara kuwa, ban taɓa ganin tsohon gida ya tsaya a kan ƙiyasin farko ba. Da an ɗaga kwano sai a tarar katako ya ci, da an fasa bango don waya sai a ci karo da bututun da ke yoyo. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ya kamata ya san girman hujin.

Na taɓa raka wata 'yar'uwata duba wani gida. Komai tsaf, sai ƙamshin sabon fenti. Injiniyan da muka tafi da shi bai ce uffan ba, ya durƙusa ya kara bayan hannunsa a bango daidai gwiwa, ya sa makulli ya ɗan kankare. Fentin ya taso kamar ɓawon ƙwai, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin da danshi. Ya zagaya ya nuna mana layi ɗaya a duk ɗakunan, daidai inda ruwa ke tsayawa. Ladan da muka ba shi a ranar bai kai kuɗin ƙofa ɗaya ba. Ki ɗauki injiniyanki, wanda ke kika biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba, ya hau rufi, ya duba harsashi da tsagar bango da ramin masai. In da hali ki koma bayan an yi ruwan sama. Lauyanki kuma ya bi takardun har ofishin rajistar filaye: sunan wa ke kai, an jinginar da gidan ko ba a jinginar ba, akwai magada ko shari'a. Wannan binciken har gidan Yaya ya shafa. Ba zargi ba ne, takarda ce ke magana ranar da ku duka ba kwa nan.

Akwai wani abu da ya fi damuna a kan gidan dillalin. In kin biya yadda aka yanka, dubu 500 ce za ta rage miki a duniya, kuma watannin gyara haya ba za ta shigo cikakkiya ba. Mai ritaya ba ta kwashe duk abin da ta mallaka ta zuba a bulo. Ki ware aƙalla miliyan 5 ko 6 da ba za a taɓa ba, sannan ki yi lissafi daga sama zuwa ƙasa: 60, cire ajiya 6, cire gyara 7 da ƙarin 2 na abin da zai ɓullo, cire takardu 2 da rabi. Ya rage 42 da rabi. Iyakar abin da za ki iya biya ke nan ki yi barci, kuma tayinki ya fara daga ƙasa da haka, da rahoton injiniya a hannunki a matsayin hujja. In mai gida ya ce albarka, ki yi godiya ki tafi, gidajen sayarwa ba su ƙare ba. Kafin nan ki tambayi nawa takardun lamunin gwamnati ko sukuk, wato takardun zuba jari da suka dace da shari'ar Musulunci, suke bayarwa a shekara. In abin da ba ya yoyo, ba ya kiran ki da tsakar dare, yana ba da fiye da kashi 6, to dole gidan ya zo da farashin da zai biya wahalarsa. Kuma kada ki ba da kafin alƙalami sai an rubuta cewa za a dawo miki da shi in bincike ya nuna matsala.

Saura mai wuyar, wato maganar dangi. Fahimtata ita ce ba lissafi ne ya hana ki barci ba, nauyin Yaya ne. Shawarata kada ki taya shi sam. Tayi tsakanin surukai yakan bar tabo: in kin rage ya ji kin raina guminsa, in kin biya yadda ya ce ke kuma duk ranar da haya ta makara za ki tuna. Ki fara da maigida, ku biyu, a lokacin da hankalinsa ke kwance. Kada ki ce gidan Yaya ya yi tsada. Ki ajiye masa takardar nan mai layi biyu, ki ce, "Dubi abin da zai shigo mana a wata nan, dubi nan. Kuma na Yaya in an haɗa da takardu ya fi ƙarfin kuɗina." Magana ta ƙarshen nan gaskiya ce tsantsa, kuma ba ta taɓa mutuncin kowa. Shi ya kamata ya kai wa yayansa, ko ku je tare ya yi bayani: "Yaya, mun gode da ka fara tuna mu. Mun zauna mun yi lissafi, abin da take buƙata gidan da zai riƙa kawo mata na cefane ne duk wata, naka kuwa ya fi dacewa da mai zama. Za mu taya ka cigiyar mai saye."

In kuma maigida ya nace, ko Yaya ya nuna matsuwa ce ta sa shi sayarwa, to ku amince a kan ƙwararren mai kimanta gidaje guda ɗaya wanda ba ya cikin dangi, ku raba ladansa, ku yarda tun kafin ya je cewa ba wanda zai ji haushin lambar da ya kawo. In ta fito ƙasa da 58, bakin wani ne ya faɗa, ba naki ba. In ta fito sama, sai ki gode wa Yaya da zuciya ɗaya, ki kuma gaya masa har yanzu hayar ba za ta riƙe ki ba. Idan taimako yake buƙata kuma kina da niyya, ki ware abin da za ki iya ki ba shi da sunan taimako, a san shi a haka, kada a cusa shi cikin kuɗin gida.

Ki sake rubuto min in kin samu farashin gidajen da aka sallama da rahoton injiniyan, mu sake zama a kan lambobin.